Wa Zai Binciki Niyyar Kocin Rayuwa?

A shekarun 1980 wani Ba'amurke mai suna Thomas Leonard, wanda sana'arsa ita ce tsara wa mutane harkar kuɗinsu, ya lura cewa masu zuwa wurinsa ba sa daɗewa a kan maganar kuɗi. Ana fara lissafi sai zance ya karkata zuwa gajiya da aiki, ko rashin sanin inda rayuwa ta dosa. Leonard ya hango kasuwa a nan. A 1992 ya kafa makarantar Coach University, mai koyarwa ta wayar tarho, a 1995 kuma ya assasa ƙungiyar kocika ta ICF, wadda a yau ta fi kowace girma a wannan fage. Ya rasu a 2003 yana da shekara 47. Sana'ar da ya aza wa harsashi kuwa ta bazu har ta iso Kano da Kaduna da Abuja, inda da wuya mutum ya leƙa Facebook ko TikTok bai ci karo da mai kiran kansa kocin rayuwa ba, na aure ne, na kasuwanci ne, ko na tarbiyyar yara.

Shiga ba wuya. A yawancin ƙasashe babu dokar da ta hana mutum ya kwana yana neman aiki ya wayi gari koci. Daɗewa a ciki ita ce wahalar. Shaidar ICF ta matakin farko tana buƙatar horo na awa 60 da zama da mutane na awa 100. Ta tsakiya awa 125 da awa 500. Ta ƙoli kuwa horon awa 200 da zaman awa 2,500, wato wanda yake sauraren mutane awa goma kowane mako sai ya kusa cika shekara biyar ba hutu kafin ya kai. Sauraro ne kuma na gaske, domin ƙa'idar sana'ar ita ce koci ya yawaita tambaya ya taƙaita ba da shawara. Tushen wannan yana komawa ga Timothy Gallwey, malamin wasan tanis wanda ya fitar da littafi a 1974 bayan ya gano cewa 'yan wasansa sun fi gyaruwa idan ya rage musu surutu.

To, me zai riƙe mutum a kan wannan kujera shekara da shekaru? Masu horar da kocika suna da amsoshinsu: a rubuta buri, a tsara lokaci, a nemi wanda zai riƙa bin diddigi. Duk suna da amfani, amma sun tsaya ne a kan yadda za a daure. Tsohuwar tambayar da malamai suka fi tsoro ita ce: don wa ake daurewar?

Ba wanda ya sha azabar wannan tambaya kamar Imam Gazali. A 1091 waziri Nizamul Mulki ya ba shi kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, matsayin da babu malamin zamanin da ba zai so ba. Ɗalibai wajen 300 ke zama a gabansa. Idan jajircewa ita ce zuwa aiki kullum da ƙwarewa a kansa, to Gazali ya gama. Amma a littafinsa Almunƙizu minal Dalal ya ba da labarin yadda ya tsaya ya duba niyyarsa, sai ya tarar ba don Allah yake koyarwa ba, suna da ɗaukaka yake nema. Ya yi wata shida yana kai-kawo, yau ya ƙudura tafiya, gobe ya warware, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da karatu, abinci ma ya gagare shi. A 1095 ya bar Bagadaza, ya nufi Dimashƙa da Baitul Muƙaddasi, ya yi aikin hajji. Sai a 1106 ya koma koyarwa a Naisabur, shekara biyar kafin rasuwarsa, kuma ya ce wannan komawa ba irin ta farko ba ce, domin yanzu yana kira ne zuwa ilimin da ke raba mutum da son matsayi.

Abin lura shi ne, ɗalibansa na Bagadaza ba su yi ƙorafi ba. Karatu yana tafiya, zaure yana cika. Mai auna nasara da yawan mabiya ba zai ga aibi ko ɗaya ba. Kocin da ke ƙirga masu bibiyar shafinsa kowace safiya yana da ma'aunin da ba zai taɓa nuna masa cutar da ta kwantar da Gazali ba.

Wani zai ce ai bambancin a fili yake, koci kuɗi yake karɓa. Wannan ba hujja ba ce mai ƙarfi. Imam Malik ya halatta karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani, kuma malamin allo ya daɗe yana karɓar kuɗin Laraba ba wanda ya ce karatunsa ya ɓaci. Matsalar tana wani wuri ne. Aikin koci yana cika ne ranar da wanda yake horarwa ya daina buƙatarsa, aljihunsa kuwa yana cika ne muddin bai daina ba. Duk wanda ya rungumi sana'ar yana tsaye tsakanin waɗannan biyu, kuma a zaman da babu na uku, shi kaɗai ya san wadda ya bi.

Akwai kuma masu cewa kada kowa ya shiryar da wani sai ya gama gyara kansa, suna kafa hujja da aya ta 44 ta Suratul Baƙara, wadda ta zargi masu umartar mutane da alheri suna mantawa da kawunansu. Malaman tafsiri ba su fahimce ta haka ba. Ibnu Kasir ya bayyana cewa laifin yana cikin mantawar ne ba cikin umarnin ba, ya kuma kawo maganar Sa'idu bin Jubair cewa da za a jira sai marar aibi, da ba a sami mai yin nasiha ba. Matar da aurenta ya mutu tana iya fin kowa sanin inda aure ke tsagewa. Sharaɗin shi ne kada ta sayar wa mutane da hoton gidan da ba ta da shi.

Ƙasar Hausa ta ga irin jajircewar da ba ta dogara da sunan mai ita ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda aka haifa a 1793, ta kafa tsarin 'Yan Taru wajen shekarun 1830. Ta zaɓi dattijai mata daga ƙauyuka, ta naɗa su a matsayin jaji, wato jagora, ta ba kowace malfa da jan ƙyalle, su zo su ɗauki karatu su koma su koyar da matan da ba za su taɓa ganin fuskarta ba. Tsari ne da aka gina don ya yi aiki ba tare da ita ba, shi ya sa bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da shi, kuma bai mutu ba har yau.

Jarrabawar koci ta yau da kullum ba ta kai wannan girma ba, amma daga tushe ɗaya take. Wata rana wani zai zauna gabansa, ya biya kuɗin zama shida, a zama na biyu koci ya gane cewa abin da ke damun mutumin ba rashin tsari ba ne: ba ya barci, ba ya cin abinci, yana maganar gara ya mutu. Ƙa'idojin ICF sun raba aikin koci da na likita, sun kuma ɗora masa nauyin tura irin wannan mutum ga masana lafiyar ƙwaƙwalwa. A ƙasar da kowa ke iya laƙaba wa kansa sunan, babu hukumar da za ta sani idan ya yi shiru ya cinye sauran zama huɗun. Idan kuwa ya zaɓi gaskiya, dole ya mayar da kuɗi, ya faɗi maganar da mutumin ba ya son ji, mai yiwuwa ma ya rasa shi har abada, don a nan ambaton asibitin ƙwaƙwalwa kaɗai ya isa ya sa wani ya daina ɗaga waya.