Bakin Alƙalami da Nauyin Hannu

Sana'ata rubuta manhaja, kuma madannin kwamfuta ba ruwansa da yadda na taɓa shi. Ko na danna a hankali ko na doka cikin fushi, harafi iri ɗaya zai fito. Shi ya sa na ɗan rikice ranar da na fara riƙe alƙalamin ɗura tawada mai taushin baki, irin wanda kamfanoni kamar Waterman suka yi suna da shi a Amurka.

Bakin nasa ƙarfe ne siriri mai tsaga a tsakiya. In ka ja shi ƙasa ka ɗan danna, sai tsagar ta buɗe, tawada ta sauko, layi ya yi kauri. In ka sassauta, sai ta rufe, layi ya koma kamar gashi. Duk kyan rubutun daga wannan buɗewa da komawa yake. In ka matsa fiye da kima, tawadar kan yanke, ka ga layi biyu da fili a tsakani. Gargaɗi ke nan. Ni ban ji ba. Kaurin ya burge ni, na yi ta ƙara nauyi, har wata rana bakin ya buɗe bai koma ba. Abin da na fara faɗa shi ne alƙalamin ba shi da ƙwari.

A makarantar allo a Kamarawa, inda na fara riƙe alƙalami, in bakin na gamba ya mutu sai a sa reza a sake fiƙe shi. Na ƙarfe ba ya fiƙuwa.

Wannan maganar ta ƙwari ta dawo mini ne ta wata hanyar. Shekaru ke nan 'yan bindiga na aza wa ƙauyukan Isa da Sabon Birni haraji kafin a yi noma ko a kai amfani gida. Mu da muka tsira zuwa birni, baki biyu gare mu. Yau mu yaba musu haƙuri, gobe mu ce tsoro ya sa suke biya. Na taɓa faɗa wa kawuna na biyun a waya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ɗana, mi kaka so mu yi? Gero na gona, ɗiya na gida."

Tambayar da ke damuna ita ce, yaushe lanƙwasawa take zama halin kirki? A ganina sai in akwai damar miƙewa bayanta. Mutumin da ya sunkuya don guguwa ta wuce ya yi hikima. Wanda aka danne shekara da shekaru ba a ɗaga ba, kiran halinsa haƙuri yakan zama hanyar sauke wa kanmu nauyi, mu da hukumar da ya kamata ta ɗage hannun. Zarginsa da tsoro kuwa ya fi muni, don daidai yake da abin da na ce wa alƙalamina: na auna ƙwarin ƙarfe, ban auna hannun da ke kansa ba.

Ban ce biyan ba shi da illa ba. Kuɗin makami yake saye, kawu ma ya fi ni sanin haka, shi da ke jin ƙararsa da dare.

Alƙalamin na nan cikin aljihun tebur. Na gwada matse bakin da yatsu, ya ɗan haɗu, yana rubutu, amma yana yanke tawada a tsakiyar kalma.