Biram da Amanar Mai Taskar Waƙa

A shekarar 2002 Malam Maman Barka, malamin makaranta kuma makaɗin gurmi, ya tafi bakin Tafkin Cadi wurin Bukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne gwanin biram na ƙarshe. Biram abin kiɗan masuntan Buduma ne, mai tsirkiya 5 da siffar kwalekwale. Da ɗaukar murya kaɗai ta kai shi, da kwana biyu sun ishe shi. Sai ya zauna ya yi almajirci, har tsohon ya danƙa masa nasa biram.

Nan tambayar take ga mai aikin taskar waƙoƙi, ko a cibiyar Alhaji Taya ta Yamai ko a gidan rediyo: mene ne ya adana? Buduma suna girmama biram, suna danganta shi da iskan tafki. Kaset kuwa ba ruwansa da wannan. Duk wanda ya latsa shi zai yi masa waƙa. Yana riƙe sauti, ba ya riƙe ladabin da ke tare da sautin, balle ya haifi magaji.

Amma raina faifai ma kuskure ne. Malam Barka ya rasu a 2018, kuma da yawa daga masu son jin kiɗansa yau faifansa na 2009 suke nema. A Ingila aka fitar da shi. Jikan masunci da ke tsibiran tafkin, wanda kakanninsa suka ƙagi kiɗan, ta wace hanya zai kai kunnensa?