Wa Zai Ƙara? Tsokaci Kan Gwanjo Da Ribar Da Muke Ci

 

Kwanakin baya ina tsakar gida ina juya shinkafar da na turara, sai yarona ya shigo da waya a hannu yana cewa, "Umma, zo ki ga abin mamaki." Hoton wani ɗan kati ne da bai kai tafin hannu ba, ɗauke da fuskar wani ɗan wasan Amurka mai suna Mickey Mantle, gwanin wasan ƙwallo da sanda da suke kira besbol. Kamfanin Topps ne ya buga katin a 1952, lokacin da ake cusa irinsa cikin ƙunshin cingam don yara. A watan Agustan 2022 aka yi gwanjonsa, ya tashi dala miliyan 12.6. Mai shi kuwa dala 50,000 ya saye shi a 1991, ya adana shekara 31.

Na riƙe baki na ce, "Kai, Allah Ya raba mu da wauta! Takardar da ba a ci, ba a sha, ba a ɗaurawa?" Da na shiga ɗaki sai idona ya faɗa kan tsofaffin kwanukan da na gada wurin mahaifiyata, nan take dariyar ta tsaya.

'Yar uwa, ki tuna jeren iyayenmu. Tasoshi da kwalla da samira tun daga ƙasa har rufin ɗaki, yawancinsu ba a taɓa zuba tuwo a ciki ba har aka raba gado. Ado ne, kuma ajiya ce, domin ranar da buƙata ta taso dillaliya za a kira ta fita da saiti ɗaya ta dawo da kuɗi. Wadda ta iya lissafi takan sayi samfurin da ya fara wuya, ta ajiye, ta sayar wa mai haɗa kayan ɗakin 'ya da riba. Da yayin ya wuce, waɗanda suka tara da yawa suka rasa mai taya. Haka ma katunan can: kuɗinsu ya yi tashin gwauron zabi a 2020 da 2021, lokacin korona, daga baya da yawansu suka faɗi. Ashe mu da su duk kanwar ja ce. Abin da ba shi da amfani sai sha'awa, darajarsa tana hannun masu sha'awar, don haka mai hankali ba ta zuba kuɗin makarantar yara ko kwasar adashinta a cikinsa.

To amma tambayar da ta hana ni barci ita ce: idan na sayi abu da arha don in sayar da tsada, ina iyakar halas? Shin kowace riba da aka sallama mini ta zama tawa ke nan a wurin Allah?

Mu fara da gwanjon kansa. Malamai sun halatta a fito da kaya a bainar jama'a, kowa ya taya, wanda ya fi bayarwa ya ɗauka. Cikin hujjojinsu akwai labarin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, na wani mutumin Madina da ya zo roƙo wurin Manzon Allah (SAW). Aka tambaye shi abin da yake da shi a gida, ya kawo wata shimfiɗa da ƙoƙon shan ruwa. Annabi (SAW) ya ɗaga su ya nemi mai saye. Wani ya taya dirhami ɗaya, sai ya nemi wanda zai ƙara, har aka samu mai dirhami biyu. Ya umarci mutumin ya sayi abinci da ɗaya, ya sayi gatari da ɗayan ya shiga sana'ar itace. Ki riƙe wannan labari, za mu dawo kansa.

Abin da aka haramta shi ne najashi, wato mutum ya ƙara kuɗi alhali ba ya nufin saye, don kawai ya zuga wani ya biya da tsada. Haka Imam Malik ya bayyana shi a Muwaɗɗa. Malamanmu na Malikiyya sun ce idan da sanin mai kaya aka yi, wanda ya saya yana da zaɓin mayar da kayan idan ya gano. Su ma masu katunan ba su tsira daga wannan cuta ba. A 2015 wata kotu a birnin Cikago ta yanke wa Bill Mastro, mai wani babban kamfanin gwanjon kayan wasanni, ɗaurin wata 20. Ya amsa cewa ana saka tayin ƙarya don kuɗin kaya ya hau, ya kuma amsa cewa ya taɓa datse gefen wani tsohon kati mai tsada don ya yi kama da wanda bai taɓa lalacewa ba. Najashi ke nan da algus a hannun mutum ɗaya.

Mu dawo gida. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a shekarun 1970 ruwa ya iso gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, rayuwarmu ta koma saye da sayarwa rani da damina. Maza na kai tumatir Kwanar Gafan, mu kuma muna sayen shanshera mu turara, mu kai inji, mu auna. Duk wadda ta yi wannan sana'a ta san dabarun da ake yi. A jera manyan tumatir a saman kwando, ruɓaɓɓu a ƙasa. A bar shinkafa da sauran danshi don ta yi nauyi ta cika kwano. Ai Manzon Allah (SAW) ya taɓa cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji jiƙa a ƙasa, ya tuhumi mai shi don me bai fito da jiƙaƙƙen sama mutane su gani ba, ya kuma nesanta mai algus daga al'ummarsa.

Wanda ya fi damuna shi ne wanda muke yi a cikin ɗakunanmu, inda babu sarkin kasuwa babu shaida. Dillaliya ta shigo da sarƙa ko leshi, ta ce, "Wallahi Hajiya a gidan can an taya kaza, ban sallama ba," alhali babu wanda ya taya. Ko mai kaya ta sa ƙawarta ta zauna a gefe tana cewa, "In ba za ki saya ba ni ba ni." Duk wannan najashi ne, ko da cikin raha aka yi shi.

Akwai kuma kishiyarsa, wanda ba mu cika ɗauka laifi ba. A shekarar da kasuwar tumatir ta faɗi, ko tsutsa ta cinye gona kamar yadda ta faru a 2016, mun san abin da ke biyo baya. Bashin taki ya taso, ko yaro ya kwanta asibiti, sai ki ga keken ɗinkin maƙwabciya ko 'yan kunnenta na zinare sun fito sayarwa cikin sirri. Nan ne wasu matan kan haɗa baki: kada kowa ta taya sama da kaza, ai a matse take, dole ta sallama. Wata ta saya, bayan kaka ta sayar ninki biyu, ta ce kasuwa ce. A Mukhtasar na Shehu Khalil an yarda mai saye ya roƙi wani daga cikin masu taya ya janye masa, amma ba a yarda a haɗa bakin kowa da kowa a karya kuɗin kaya ba. Haka nan idan mai kaya ta ce, "Yaya, ban san kuɗinsa ba, ki saya yadda ake saye," amana ta ɗora miki, wajibi ne ki gaya mata gaskiyar kasuwa.

Wata za ta ce, "To ai ita ta kawo, ita ta sallama, ban ƙwata ba. Da ban saya ba ma da yaron bai samu magani ba." Akwai gaskiya a maganarki. Riba ba haramun ba ce, Shari'a kuma ba ta yanka mata adadi ba. Wadda ta fitar da kuɗinta yau, ta jira wata shida, ta ɗauki kasadar faɗuwa, ta cancanci ta samu wani abu. Amma tambayi zuciyarki daga ina ribar ta fito. Idan daga haƙurinki ne da sanin kasuwarki, Allah Ya sa albarka. Idan kuwa daga rashin saninta ne, ko daga kunyar da ta hana ta nuna kayan ga wasu, to hawayenta kika auna a kwano.

Yanzu ki koma kan labarin mutumin Madina. An taya dirhami ɗaya, mabuƙaci ne, da an sallama ba zai ce uffan ba. Amma Annabi (SAW) ya tsaya yana neman wanda zai ƙara, saboda ya samar wa talakan nan mafi kyawun kuɗi. Amfanin gwanjo na gaskiya ke nan, yana kare mai rauni, domin idanu da yawa ne a kan kayansa. Cinikin ɓoye kuwa mai ƙarfi yake yi wa daɗi.

Saboda haka, 'yar uwa, ranar da kayan wata mabuƙaciya suka shigo gidanki, ki gwada wannan. Ki faɗa mata abin da kika san suna yi a kasuwa. Ki faɗi abin da za ki iya bayarwa, ki ba ta dama ta nuna wa wasu ba tare da an tona asirinta ba. In da hali, ki ranta mata ta riƙe kekenta, domin da shi take ciyar da yara. Ke kuma dillaliya, la'adarki halas ce matuƙar tayin da kike kaiwa da kawowa na gaskiya ne. Kada ki bari rantsuwar ƙarya ta cinye miki albarkar yawon da kike sha cikin rana.

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Wadda take taya yau, gobe tana iya zama mai sallamawa.

Allah Ya tsarkake mana dukiyoyinmu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba mazajenmu noma mai albarka, amin. Wassalamu alaikum.