Harsashi Tara, Faifai Miliyan Shida: Laifin Mai Talla Ko Na Mai Saye?

Mai karatu, akwai wata magana da 'yan kasuwar fim da masu buga littattafai suke rufe bakin mai sharhi da ita. Da zarar ka ce abu kaza bai dace ba, sai a ce maka, "Malam, ai ya yi kasuwa." Shi ke nan, an gama da kai. A wannan watan ina so mu ɗora wannan maganar a kan sikeli. Shin ciniki hujja ne? In mutum ya mayar da masifar da ta same shi haja, jama'a kuma suka yi rububin saye, wa za a tuhuma in abin ya haifar da ɓarna? Don kada a ce na yi da wani a gida, bari mu tafi Amurka mu ɗauko misali daga gambarar zamani, wato waƙar rap.

Ka san 50 Cent, ko da a jikin rigunan samari ne. Sunansa na yanka Curtis Jackson, an haife shi a 1975 a unguwar South Jamaica da ke yankin Queens na birnin New York. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 8, kakanninsa suka riƙe shi. Yana da shekara 12 ya shiga sayar da ƙwaya a bakin titi. Daga baya ya koma waƙa, har kamfanin Columbia ya ɗauke shi, ya shirya masa kundin waƙoƙi mai suna Power of the Dollar. Ana shirin fitar da shi, a watan Mayu na 2000, wani ɗan bindiga ya ritsa shi a cikin mota a ƙofar gidan kakarsa, ya ɗirka masa harsashi tara. Da yake da sauran shan ruwansa a gaba, ya rayu. Amma harsashin da ya shige shi ta kunci ya canza masa murya har abada. Columbia kuwa da suka ga abin ya zo da jini, sai suka sallame shi, suka jefa kundin a kwandon ajiya.

To a nan labarin ya juya. Yaron bai zauna ba. Ya riƙa yin waƙoƙi yana sakin su a titi ba tare da wani babban kamfani ba, har ɗaya daga cikin irin waɗannan faya-fayan, Guess Who's Back?, ya faɗa hannun Eminem a 2002. Eminem ya haɗa shi da Dr. Dre, aka ƙulla yarjejeniya ta dala miliyan ɗaya, aka shiga sutudiyo. Abin da ya fito shi ne kundin Get Rich or Die Tryin', ma'ana ko dai ka yi kuɗi ko ka mutu a wajen nema. Saboda masu satar fasaha sun riga sun fara yaɗa shi, dole aka matso da ranar fitarsa zuwa 6 ga Fabrairu, 2003. A satin farko ya sayar da kwafi 872,000. Kafin shekarar ta ƙare ya haura miliyan shida a Amurka kaɗai, babu kundin da ya kamo shi a waccan shekarar. Waƙar In da Club ta yi sati tara tana kan gaba a jadawalin Billboard.

Yanzu ka dubi bangon faifan da idon ɗan kallo. Ga mutum tsaye ba riga, a bayan gilashin da harsashi ya fasa. Tun kafin ka ji kiɗa an riga an gaya maka abin da ake sayar maka. Harsashi taran nan da ya sa kamfani na farko ya gudu, shi ne dai kamfani na biyu ya ɗora a faranti yana talla. Mutumin bai canza ba, tabon bai canza ba. Lissafin riba ne kawai ya canza. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa kasuwa ba alƙali ba ce. A 2000 ta ce masa haɗari ne, a 2003 ta ce masa zinare ne, kuma duk sau biyun ba ta tambayi abin da ke daidai ba.

Amma mu yi masa adalci. Wani zai ce, to laifin me ya yi? Rayuwarsa ce, jikinsa ne aka huda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan marubuciyar da aka yi wa auren dole ta zauna ta rubuta littafi a kai, ta samu kuɗi, ba ma cewa ta sayar da hawayenta, cewa muke ta faɗakar. Don me za a hana maraya daga Queens abin da aka halatta mata? Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma na yarda da rabinta. Duk wanda ya saurari waƙar Many Men, inda yake magana a kan harbin da aka yi masa, zai ji tsoro da raɗaɗi na gaske a ciki, ba fankama kaɗai ba. Kuma kundin aiki ne na gwanaye, kiɗan Dr. Dre ba na wasa ba ne. Ba da labarin ciwo ba laifi ba ne.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Matsalar ita ce, in aka biya ka don ka nuna miki, to an hana ka barin sa ya warke. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa sai da ya yi jayayya da Dr. Dre kafin waƙar soyayya ta 21 Questions ta shiga kundin, don ana ganin ba ta dace da siffarsa ta ɗan daba ba. Ka ji fa. Mutum yana so ya nuna cewa yana da zuciya, ana ce masa a'a, tabo muke so. Waƙar kuwa da ta fito sai da ta kai matsayi na ɗaya. Sannan a ƙarshen Fabrairun 2005, ana saura 'yan kwanaki kundinsa na biyu The Massacre ya fito, rigimarsa da mawaƙi The Game ta kai ga harbe-harbe a ƙofar gidan rediyon Hot 97 a New York, aka raunata mutum ɗaya. Kundin ya fito ya sayar da sama da miliyan ɗaya cikin kwana huɗu. Ban ce shirya abin aka yi ba. Abin da nake cewa shi ne, jini ya zuba, ciniki bai ragu ba, kuma duk wani yaro mai son zama mawaƙi ya ga darasin.

Mu 'yan fim muna da namu kason a labarin. A ƙarshen 2005 aka yi fim mai sunan kundin, shi ne jarumi, Jim Sheridan ɗan ƙasar Ayilan ya ba da umarni. Allunan tallar fim ɗin sun nuna shi da bindiga a hannu ɗaya, makirfo a ɗaya hannun. Iyaye a wasu unguwannin Los Angeles suka yi bore, har kamfanin Paramount ya sauke wasu daga cikin allunan. Ka lura da waɗanda suka yi boren: mutanen da ke binne 'ya'yansu saboda bindiga. Miliyoyin da suka sayi faifan kuwa, akasarinsu ba su taɓa taka South Jamaica ba. Su sun ji daɗin tsoron daga nesa, sun kashe rediyo sun yi barci. Yaron unguwa shi aka bari da tunanin cewa hanyar arziki ta bakin bindiga take bi.

To wa ke da laifi? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mawaƙin yana da nasa, don ya san abin da yake ƙawatawa. Kamfani yana da kaso mafi tsoka, don shi ya zaɓi hoton bango, shi ya zuba kuɗin talla. Amma ni da kai, masu saye, mu ne muke son zamewa, alhali kuɗinmu ne ƙuri'ar. Dalili kuwa, a watan Satumba na 2007 shi da Kanye West suka saki kundi rana ɗaya. Kanye, wanda bai taɓa sayar da kansa a matsayin ɗan daba ba, ya sayar da kwafi 957,000 a satin farko, 50 Cent ya sayar da 691,000. Ba doka aka kafa ba, ba hukumar tace waƙa ce ta shiga ba. Masu saye ne suka juya, kamfanoni kuma suka bi su a guje.

Saboda haka, mai karatu, duk ranar da furodusa ko marubuci ya ce maka "abin da jama'a ke so ke nan", ka sani gaskiya ya faɗa, amma rabi. Shi ya koya wa jama'a son abin, jama'a kuma suka biya shi ladan koyarwar. Yawan kwafi yana gaya maka mutum nawa suka saya. Ba ya gaya maka ko abin ya gyara su ko ya ɓata su, ba ya kuma gaya maka halin da aka bar mai tabon a ciki. Kafin ka miƙa kuɗinka a kan fim, littafi ko waƙa, ka tambayi kanka: labarin mutumin nan nake so in ji, ko jininsa nake so in gani? Amsar da ka bayar ita za ta yanke irin abin da za a kawo maka kasuwa gobe.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa.