Littafin da Lahu Suka Cinye

Lahu al'umma ce ta mazauna tsaunuka da ke warwatse a ƙasashe biyar: Sin, Miyanma, Tailan, Laos da Biyetnam. Mafi yawansu suna lardin Yunnan na kudu maso yammacin Sin, inda ƙidayar 2010 ta nuna sun kusa dubu 486, kuma tun 1953 suke da gundumar Lancang mai ɗan cin gashin kai da ke ɗauke da sunansu. Na arewacin Tailan, a duwatsun Chiang Rai da Chiang Mai da Mae Hong Son, kakanninsu sun gangaro ne ta Miyanma. Mutanen Tailan suna kiransu Musoe, wato maharba. A cikinsu akwai rassa, irin su Lahu Na (baƙaƙe), Lahu Nyi (jajaye), Lahu Shi (masu ruwan ɗorawa) da Lahu Shehleh.

Baƙon da ya hau ƙauyen Lahu Nyi zai fara cin karo da gidajen gora a kan dirkoki, kaji da aladu suna kiwo a ƙarƙashinsu, gonakin shinkafar tudu da masara da barkono kuma suna manne a gefen dutse. A da ofiyom ne abin sayarwa a wurare da dama. Bayan da aka haramta shi, kuma Sarki Bhumibol na Tailan ya kafa shirinsa na noman tsaunuka a 1969, shayi da kofi da 'ya'yan itatuwa suka maye gurbinsa a hankali. A saman ƙauyen akwai gini guda da aka kewaye, da dogayen gora masu ɗauke da tutoci farare da masu ruwan ɗorawa. Wannan shi ne haw yeh, ɗakin ibadar G'ui-sha, wanda Lahu suka ɗauka mahaliccin sama da ƙasa. Mai kula da shi ana ce masa to bo pa. Sau biyu a wata, ranar tsayuwar wata da ranar cikarsa, ana ajiye aikin gona, a zuba wa juna ruwa a hannu don wanke laifi, a kunna kyandir na kakin zuma, a yi rawa da busar naw, wani abin busa da ake haɗawa da duma da sililin gora. Kyandir ɗin yana da girma a wurinsu har masu bin addinin gargajiya suna kiran kansu da sunan da ke nufin masu ƙona kakin zuma. Ban da G'ui-sha akwai iskoki da ake kira "ne", na dutse, na ruwa, na gida, waɗanda ake lallashi ko a kora idan cuta ta zo, amma matsayinsu bai kai na mahalicci ba.

Abin da babu a ɗakin ibadar nan shi ne littafi. Lahu kuwa sun san da haka, kuma suna da labarin da ke bayyana dalili. A ruwayar da ta fi yaɗuwa, G'ui-sha ya tara al'ummomi ya raba musu rubutu. Na Lahu ya rubuta musu a kan wainar dakakkiyar shinkafa. A hanyar komawa gida yunwa ta kama wakilansu, suka cinye wainar da rubutun duka. Maƙwabtansu Akha suna da irin wannan labari, sai dai nasu a kan fatar ɓauna aka rubuta, mutanen Karen ma suna ba da labarin littafinsu da ya salwanta.

Tambayar da labarin ya ɗauko tsohuwa ce: shin sanin mahalicci yana buƙatar rubutu kafin ya tabbata, ko kuwa ƙirji ya ishe shi mazauni? Lahu da kansu sun amsa ta fuska biyu. Fuska ta farko ta hasara ce. Sinawa da mutanen Shan da ke kwari suna da takarda, suna da sarakuna da kundin haraji da kotuna, mutumin dutse kuwa idan ya sauko kasuwa ba ya iya karanta takardar bashin da aka sa shi dangwala wa hannu. A wannan fahimta, cin wainar kuskure ne da jikoki ke biyan kuɗinsa. Fuska ta biyu ta alfahari ce: tunda rubutun ya shiga ciki, maganar G'ui-sha tana jikin kowane Balahe, ba ta jiƙewa da ruwan sama, gara ba ta cinta, ba kuma mai ƙwace ta. Wanda ke da littafi yakan manta idan ya rufe shi, in ji masu wannan ra'ayi, wanda ya haɗiye nasa kuwa duk inda ya je yana tare da shi.

Fuska ta biyu ba lallashin kai ba ce kawai, domin akwai aiki a bayanta. Anthony Walker, masanin al'adu da ya zauna da Lahu Nyi a arewacin Tailan daga 1966, ya rubuta addu'o'insu masu yawa, kuma abin da ya fito fili shi ne tsarinsu. Harshen ibada ya bambanta da na hira. Kusan kowace magana tafe take da abokiyarta: in an ambaci sama sai a ambaci ƙasa, in an ce rana sai a ce wata, in an roƙa wa maza sai a roƙa wa mata. Rabin farko yana janyo na biyu, don haka mai addu'a ba ya ɓata hanya ko da zai daɗe yana yi. Wannan tagwaitaka ta wuce dabarar hadda, ta shiga yadda suke kallon duniya. A labarin halittarsu, Mupa Mipa, namiji da mace na farko daga cikin duma guda suka fito. Muƙaman addini da na ƙauye sau da yawa miji da mata ne ke riƙe su tare, kuma bikin sabuwar shekara ma an kasa shi biyu, na mata da na maza. Shanshan Du, wadda ta yi bincike a Lancang, ta gina littafinta na 2002 a kan wannan daidaito na jinsi. Al'ummar da ta tsara addu'arta da gidanta da shugabancinta a kan ƙa'ida guda ba za a ce ba ta da tauhidin kanta don kawai ba ta rubuta shi ba.

James Scott, a littafinsa na 2009 kan mazauna tsaunukan kudu maso gabashin Asiya, ya tafi nesa da haka. A ganinsa rashin rubutu yana iya zama zaɓi, domin wanda ba shi cikin kundi yana da wuyar kamawa ga mai karɓar haraji da mai ɗibar soja. Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta ɗauke dukan nauyin ba. Da Lahu sun gamsu da rashin littafi ɗari bisa ɗari, da ba su yi ta jiran dawowarsa ba.

Jiran kuwa tarihi ya tabbatar da shi. Tun ƙarni na 18 malaman addinin Buddha daga Sin suka shiga tsaunukan Lahu na Yunnan, koyarwarsu ta gauraya da bautar G'ui-sha, daga nan aka riƙa samun shugabannin addini da mabiya ke ganin mahalicci yana magana ta bakinsu. Wasunsu sun jagoranci tawaye ga daular Qing ta Sin. Cikin irin wannan yanayi na sa rai William Marcus Young, ɗan mishan na Baftis daga Amurka, ya isa Kengtung a ƙasar Shan ta Miyanma a 1901. Mutanen Shan ya zo nema, su kuwa mabiya Buddha ne, ba su karɓe shi sosai ba. A 1904 sai ga Lahu sun fara saukowa wurinsa, domin akwai faɗar da ke yawo a cikinsu cewa wani baƙo zai zo da littafin da suka rasa. Cikin 'yan shekaru dubbai suka karɓi baftisma. 'Yan mishan suka tsara wa harshen rubutu da haruffan boko, aka fassara Littafi Mai Tsarki, aka kuma riƙe sunan G'ui-sha a matsayin sunan Allah a cikinsa. A 1957 hukumomin Sin suka fito da nasu tsarin rubutun.

A nan ne batun ya ƙara zurfi. Ga Balahen da ya zama Kirista, alkawari ya cika, littafi ya dawo. Ga mai ƙona kakin zuma, abin da ya zo littafin wasu ne, nasu yana nan inda yake tun ranar da aka ci wainar. Ɓangarorin biyu suna kiran suna ɗaya idan sun ɗaga murya, suna kuma kafa hujja da labari ɗaya. Saɓaninsu yana kan inda maganar mahalicci take zaune, ko a takarda ko a bakin dattawa. Rubutu ya ba Kiristocin Lahu makarantu da littattafan waƙoƙin coci da hanyar sadarwa tsakanin ƙauyukan da iyakokin ƙasashe suka raba. Ya kuma rage buƙatar mutumin da ya kwashe shekaru yana sauraron manya kafin ya iya tsayawa gaban jama'a ya yi addu'a.

Yau matsin ya fi zuwa daga wani gefen. Yaran ƙauyukan Tailan suna karatu da harshen Tai, na Yunnan da Sinanci, matasa da yawa suna sauka birane neman aiki. Masu yawon buɗe ido suna kwana a gidajen gora, ana yi musu rawar naw da yamma, mafi yawansu ba su san cewa a haw yeh wannan rawa ibada ce ba. Masana sun adana abin da suka iya: James Matisoff ya wallafa nahawun harshen a 1973 da babban ƙamusunsa a 1988, Sin kuma ta sa Mupa Mipa cikin jerin al'adun gado na ƙasa a 2006, an rubuta shi an fassara. A ƙauyukan da har yanzu tutoci ke kaɗawa a saman haw yeh, to bo pa yana ci gaba da yin addu'ar tsayuwar wata da ka, kuma wanda zai gaje shi yana koyonta ne ta zama kusa da shi yana saurare.