Taura Biyu Ba Ta Taunuwa

Karatu: 1 Sarakuna sura 18, Yaƙub 5:16-18

Bari mu duba abin da ya faru bisa Dutsen Karmel a zamanin Ahab sarkin Isra'ila. Ahab ya auro Jezebel, ɗiyar sarkin Sidoniyawa, ita kuwa ta zo da gunkinta Ba'al. Masu yi wa Ba'al sujada suna cewa shi ne mai ba da ruwan sama da albarkar gona. Domin wannan Allah ya kulle sama shekara 3 da wata 6, ba ruwa ba raɓa, har sarki da kansa ya fita neman ciyawa domin dawakinsa.

Isra'ilawa ba su ce sun rabu da Ubangiji ba. Suna riƙe da sunansa, suna kuwa kai hadaya ga Ba'al, wai idan wannan bai ji ba wancan ya ji. Annabi Iliya ya tara su, ya tsauta musu saboda zuciya biyu, ya ce su zaɓi ɗaya. Ba wanda ya ce uffan. Aka shirya a yanka bijimai biyu, kada a sa wuta, wanda ya amsa da wuta shi ne Allah.

Annabawan Ba'al su 450 ne. Tun da safe suna kira, suna tsalle kewaye da bagadi, suna tsattsaga jikinsu har jini ya zuba. Rana ta yi tsaka, ta karkata, shiru kake ji. Sa'an nan Iliya, shi kaɗai, ya ɗauki duwatsu 12 bisa ga lissafin kabilan Isra'ila, ya gyara bagadin Ubangiji wanda aka rushe. Ya sa aka zuba ruwa tulu 4, har sau 3, domin kada wani ya ce dabara ce. Addu'arsa gajeruwa ce, aya biyu kaɗai. Ya roƙa a san Ubangiji ne Allah, zukatan jama'a kuma su komo gare shi. Nan da nan wuta ta faɗo, ta cinye hadaya da itace da duwatsu, ta lashe ruwan. Jama'a suka faɗi rubda ciki, suka shaida Ubangiji shi ne Allah.

Ashe ikon addu'a yana wurin wanda ake roƙo. Mutum 450 sun yini suna ihu, suka tashi a banza, gama babu mai ji. Mutum ɗaya ya kira Allah Mai-rai, aka amsa masa.

Mu fa? Sa'ad da damina ta yi jinkiri, shuka tana ƙonewa, ko yaro ya kwanta da zazzaɓi, ina muke nufa? Waɗansunmu suna majami'a ran Lahadi, ran Litinin kuwa suna ƙofar boka ko 'yan bori. Waɗansu suna raira waƙar yabo da laya a ɓoye ƙarƙashin riga. Wannan zunubin Isra'ila ne, ba wani abu ba. Ko iyayenmu sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Allah ɗaya ne, ba shi kuwa karɓar rabin zuciya.

Mu lura kuma, wuta ta zo nan take, amma ruwa ya jima. Iliya ya sunkuya ƙasa, fuskarsa tsakanin gwiwoyinsa, yana aiken baransa ya dubi wajen teku. Bara ya yi ta komowa, ba kome. A zuwa na 7 ya hangi ɗan girgije kamar tafin hannun mutum, ba a daɗe ba sama ta yi baƙi ƙirin, aka yi ruwa mai-yawa. Da Iliya ya gaji a zuwa na 6 fa? Jinkirin Allah ba ƙi ba ne. Kada jinkiri ya kore mu zuwa wurin Ba'al.

Yaƙub ya tuna mana Iliya mutum ne kamarmu. Allahn da ya ji shi yana nan, mu ma an buɗe mana hanya zuwa gare shi cikin sunan Yesu Kristi Mai-cetonmu. Bari mu fara inda Iliya ya fara, mu gyara bagadin da ya rushe a gidajenmu. Mu fid da layu, mu tara iyali safe da maraice, mu karanta Maganar Allah, mu durƙusa tare. Ubangiji ya ba mu zuciya ɗaya. Amin.