Wa Zai Tsaya wa Inuwa?

Tun da Lafia ta zama babban birnin Jihar Nasarawa a 1996, fili ya yi daraja. Gidaje da shaguna sun bi hanyar Jos da ta Makurdi da ta Shendam, kuma sau da yawa itacen mangwaro ne yake fara faɗuwa kafin a haƙa harsashi. Wannan ya ta da tambaya mai nauyi: daidai ne gari ya keɓe fili domin itatuwa da wasan yara, alhali jama'a suna neman wurin kwana da na sana'a?

Mai cewa a gina yana da hujja, gama haya tana da tsada, shago kuma yana ciyar da iyali. Amma ya kamata a duba wanda yake yin asara. Mawadaci yana da inuwa a cikin katangarsa. Iyalin da suke zaune a ɗaki ɗaya, a zafin watan Maris, ba su da tsakar gida sai lambun gari. In an sayar da shi, su aka ƙwace wa.

Saboda haka aikin mai kula da lambunan gari ya wuce ban ruwa da shara. Riƙon amana ne. Audu Bako, gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975, ya keɓe fili ya kafa gidan namun daji mai lambu. Ya rasu a 1980, amma har yanzu yaran da ba su san shi ba suna cika wurin a ranakun bukukuwa. A 1989 kuma, Wangari Maathai ta ƙasar Kenya ta ƙi yarda a gina bene mai hawa 60 a lambun Uhuru na Nairobi. An zage ta, an kira ta mahaukaciya, duk da haka ba a yi ginin ba.

Littafin Farawa ya nuna cewa aikin farko da aka danƙa wa mutum kula da lambu ne. Gini yana iya jiran wani fili, amma lambun da aka zuba wa kankare da wuya ya dawo. Iyayen da suka ga ana awon filin wasan unguwarsu, ya wajaba su tambayi hukuma tun ba a sauke bulo ba.